Ba Takobi Kaɗai Ya Kwantar Da Hamadar Larabawa Ba

Wani dattijo a unguwarmu ya dawo daga Umra, muka je yi masa barka da sauka. Ana ta miƙa dabino da zamzam, sai hira ta gangaro kan tsaro, kamar yadda kowace hira take gangarowa a kwanakin nan. Ya ce da dare suka bar Makka zuwa Madina, kuma barcinsa ya sha a mota har suka isa, babu fargabar komai. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce: "Kun ga hanyar nan? A da nan ake yanka alhazai. Sarki Abdul'aziz ne ya zo ya fille kawuna, ya datse hannuwa, kowa ya shiga taitayinsa. Ɗan fashi ba shi da magani sai takobi."

Aka yi ta "ƙwarai kuwa, Baba Alhaji". Ni ma ban tanka ba. Ba a ja da babba a ɗakinsa, balle ranar da ya dawo daga ƙasa mai tsarki. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a rediyo, ana rubuta ta a Facebook duk lokacin da aka tashi kafa hujja da Larabawa.

Rabin maganar gaskiya ne. An tare alhazai, har da kakanninmu da suka bi ta Sudan a ƙasa suka tsallaka Bahar Maliya, kuma Abdul'aziz bai yi wasa da masu tare hanya ba bayan da Hijaz, yankin Makka da Madina, ta shigo hannunsa a 1925. Rabin da ake tsallakewa ne ya dame ni.

Ga inda na tsaya. Hukumar da ta hana mutum ramuwa ta ci bashi: dole ta tsare shi, ta nemo masa dukiyarsa idan an kora, ta kuma buɗe masa wata hanyar cin abinci. A hamadar Larabawa, daga wajen 1925 zuwa 1960, inda aka biya wannan bashi hari ya mutu cikin 'yan shekaru. Inda aka dogara da bindiga kawai, ko aka sayi shugabannin ƙabilu aka manta da talakawansu, tsugune ba ta ƙare ba.

Harin da yake da ƙa'ida

A wurin Badawiyyai, wato makiyayan hamada na Najd (tsakiyar Saudiyya ta yau) da Sham da kudancin Iraƙi, fita koro raƙuma, abin da suke kira gazu, ba abin kunya ba ne. Shekarar da ruwa ya ƙi, garken mutum ya ƙare, sai ya bi 'yan'uwansa su je su koro na wata ƙabila. Baɗi a zo a koro nasa. Kuma abin yana da iyaka. Ba a taɓa mata. Ana gudun zubar da jini, domin jini yana jawo diyya ko ramuwar da za ta bi dangi kaf. Wanda ya faɗo tantinka ya nemi mafaka ya tsira, ko da abokin gabarka ne. Ban ce kowa ya kiyaye ba, amma kowa ya san ƙa'idar.

Ƙauyukan manoma da ƙananan ƙabilu masu kiwon tumaki suna biyan manyan ƙabilu wani kuɗi da ake kira huwa, don a bar su lafiya, a kuma nemo musu abin da wani ya sace. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma haka take yi: duk shekara tana ba ƙabilun da ke kan hanyar Sham zuwa Makka kasonsu don ayarin alhazai ya wuce. A 1757 da aka hana ƙabilar Bani Sakhar nasu, suka auka wa ayarin yana kan hanyar dawowa, mutane wajen 20,000 suka halaka, wasu da makami, wasu da ƙishirwa. Mugun tsari ne, amma tsari ne. Wanda ya karɓi kuɗinka ya ɗauki nauyin tsaronka.

Sai zamani ya juya musu baya. Jirgin ƙasa ya isa Madina a 1908. Mota ta shigo, darajar raƙumi ta faɗi, hayar ayari ta fara mutuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila suka zauna da sarakuna aka ja layi a kan rairayi: yarjejeniyar Uƙair a 1922 tsakanin Najd da Iraƙi da Kuwait, ta Hadda a 1925 tsakanin Najd da ƙasar da yau muke kira Jodan. Makiyayi ya wayi gari rijiyarsa ta rani tana wata ƙasa, makiyayarsa ta hunturu tana wata.

Abin da aka yi wa Huwaiɗat

Labarin da ya fi fito da abin da nake nufi shi ne na ƙabilar Huwaiɗat a kudancin Jodan, mutanen Auda Abu Tayi, waɗanda suka yi suna lokacin da aka ƙwace Aƙaba daga hannun Turkawa a 1917. Zuwa 1930 waɗannan jarumai sun zama abin tausayi.

Daga Najd ana tsallako iyaka a kore musu raƙuma. Su ma ba waliyyai ba ne, sun kai nasu harin. Bambancin shi ne, idan su suka tashi, jiragen sama da motoci masu sulke na Ingila, wadda ke riƙe da Jodan a lokacin, suna nan a gefensu suna tare su, domin Landan ba ta son abin da zai haɗa ta da Abdul'aziz. Maharan can kuwa kafin labari ya isa Amman sun riga sun koma ƙasarsu. Duk wanda ya taɓa ganin rabon faɗa a kasuwa, inda mai rabon ya rungume mutum ɗaya ta baya ɗayan kuma yana ta kirɓarsa, ya san kallon da Huwaiɗat suke yi wa gwamnatinsu. An yi dogon zama don a lissafa wa kowane ɓangare abin da aka kore masa, aka tashi a kan kowa ya haƙura. Ga fari, ga fara. Gaba kura, baya sayaki.

A ƙarshen 1930 aka kawo wani hafsan Ingila mai suna John Glubb, wanda Larabawa ke yi wa laƙabi da Abu Hunaik saboda raunin da ya samu a haɓa a yaƙin duniya. Ya shekara goma a Iraƙi, yana jin Larabcin makiyaya, ya kwana a tantunansu. Abin da ya fara nema shi ne a janye sojojin da ke jibge a hamadar. Sojan da aka ɗauko daga birni bai san rijiya ba, bai iya karanta sawu ba, ba ya bambance tambarin raƙumin wannan ƙabila da na waccan. Matuƙin jirgi kuwa daga sama ba ya rabe ɓarawo da mai bin sawun ɓarawo. Irin wannan runduna ba ta tsare kowa, sai dai ta ƙara wa hukuma baƙin jini.

A madadinsu ya kafa 'yan sintirin hamada a 1931, daga cikin Badawiyyan kansu. Da farko Huwaiɗat suka ƙi shiga. Wa zai sa kakin wanda ya riƙe shi aka doke shi? Tsirarun da aka fara da su har da waɗanda suka biyo Glubb daga Iraƙi. Ba wa'azi ne ya sauya ra'ayin mutane ba, ganin ido ne. Suka ga 'yan sintirin nan suna kwana a bakin makiyaya, tsakanin garke da iyaka, suna gadin raƙuman da ba nasu ba. Daga nan samari suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Aka kafa ƙananan sansanoni a kan rijiyoyi, a Azraƙ da Bayir da Jafar da Mudawwara da Ram. A hamada wanda ya riƙe rijiya ya riƙe hanya, domin mahari komai jarumtarsa sai ya shayar da raƙuminsa. Aka haɗa sansanonin da wayar iska, aka ba su motoci ɗauke da mashinga. Tafiyar da mahari zai yi kwanaki yana yi da garken sata, mota takan cim masa kafin ya kai gida.

Amma ba mota ce ta fi ɗaukar hankalina ba. Saurayin da jiya ba shi da abin yi sai hari, yau yana da albashi duk wata. Yana da doguwar riga ruwan ƙasa, da jan ɗamara, da rawani mai ja da fari, da wuƙa a gaba, shigar da ta sa 'yan'uwansa ke kallonsa da sha'awa maimakon su ce ya zama baran gwamnati. A sansani ana koya masa karatu da rubutu. An cakuɗa shi da 'ya'yan wasu ƙabilu a tanti ɗaya, kuma umarni daga hafsansa yake zuwa, ba daga shehin ƙabilarsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin, zan dawo kansa.

Shari'a ma ba a ɗauko ta daga birni ba. Aka bar alƙalan ƙabila suna yanke hukunci da al'adar da mutane suka sani, ta diyya da tara da sulhu, hukuma kuma ta tsaya a baya tana tabbatar da cewa abin da aka yanke an biya. An tsara wannan a dokokin 1936. A shekarun yunwa aka buɗe aikin hanya ana biyan lada, aka taimaka wa masu son noma. Cikin kamar shekara biyu harin ƙabila a kan ƙabila ya tsaya a hamadar Jodan, kuma a 1933 Amman da Riyad suka sa hannu a yarjejeniyar maƙwabtaka, jami'an iyaka na ɓangarorin biyu suna haɗuwa a mayar wa kowa abin da aka kore masa.

A lura da abin da ya riga wani. Sai da aka tsare wa mutum garkensa sannan hanin da aka yi masa ya shiga kunnensa. Dokar hana hari ta daɗe a rubuce kafin Glubb ya zo. Mai biyan bashin ne babu.

"Amma ai bindiga ce ta gama da Ikhwan"

Haka ne. A nan ne masu ra'ayin takobi suka fi ƙarfi, don haka bari mu tsaya a kai.

Ikhwan ɗin nan, ba na Masar ba, Badawiyyai ne da Abdul'aziz ya zaunar a garuruwan hijira tun wajen 1913, irin su Arɗawiyya da Gaɗgaɗ, aka karantar da su, aka mayar da su mayaƙa. Da su ya ci Hijaz. Harinsu bai san tsohuwar ƙa'ida ba, domin a ganinsu duk wanda ba ya tare da su ya bar addini, jininsa ya halatta. A 1924 sun kai har ƙauyukan Bani Sakhar a kusa da Amman kafin jirage da motocin Ingila su kora su.

Da yaƙin Hijaz ya ƙare sai Abdul'aziz ya ce a tsaya, domin abin da ya rage a gaba yawanci ƙasashen da Ingila ke riƙe da su ne. Su kuwa sun rabu da kiwo, noma bai karɓe su ba, ganima ce abincinsu. Jagororinsu, Faisal Duwaish na ƙabilar Muɗair da Sulɗan bin Bijad na Utaiba, ba a ba su mulkin garuruwan da suka ci ba. A watan Nuwamban 1927 mutanen Duwaish suka auka wa sansanin 'yan sandan da Iraƙi ke ginawa a Busayya, suka kashe waɗanda suka tarar. A watan Maris na 1929 aka gwabza a Sabila, mashinga ta yi wa Ikhwan kaca-kaca, aka rushe Gaɗgaɗ. Duwaish ya miƙa kansa ga Turawan Ingila a farkon 1930, suka danƙa shi ga Abdul'aziz, ya rasu a kurkuku a 1931.

To, wa ya haifi wannan fitina tun farko? Sarkin da ya ba ƙabilu makami, ya bar su a ƙarƙashin shehunansu, ya mayar da ganima albashinsu. Ranar da ganima ta ƙare sai bindigar ta juyo. Wannan shi ne kishiyar abin da aka yi a Jodan, kuma sakamakon ma kishiya ne.

Sannan a duba abin da Abdul'aziz ya yi kafin ya zare takobin. Fiye da shekara guda ya yi yana lallashi da raba kan abokan gaba. Ya nemi fatawar malamai. A ƙarshen 1928 ya tara shugabannin ƙabilu da malamai da mutanen birane a Riyad, ya sa suka sabunta masa mubaya'a. Rundunar da ya kai Sabila ta mutanen garuruwan Najd ce da ƙabilun da suka tsaya masa, har da ɓangarorin ƙabilun 'yan tawayen. Bayan nasara bai bi Muɗair da Utaiba ya ƙarar ba. Ya ci gaba da abin da ya saba: ƙofarsa a buɗe, ana ciyar da baƙi kullum, shehi ya zo gaisuwa ya koma da alkyabba da kuɗi, ga auratayya da manyan gidaje. Mahaifiyar ɗansa Sarki Abdullahi na Saudiyya, wanda ya rasu a 2015, 'yar Shammar ce, ƙabilar da ta fi kowace ba gidan Sa'ud wahala. Kuɗin alhazai ne ya ɗauki wannan nauyi, daga baya man fetur da aka samu a 1938 ya karɓa. Ragowar mayaƙan ƙabila kuwa da su aka gina Farar Runduna, wadda ta zama rundunar tsaron gidan sarauta, da albashinta na wata-wata.

Ko da hakan, tokar ba ta huce sarai ba. Juhaiman al-Utaibi, wanda ya mamaye Harami a ranar farko ta shekarar 1400, wato Nuwamban 1979, ɗan garin hijira ne, kuma ya daɗe yana aiki a wannan rundunar.

Hadramaut a kudancin Yaman ta ba da irin wannan darasi a taƙaice. A can gaba ta kai mutum ya shekara da shekaru bai fita daga dogon gidansa na laka ba, ana zuba wa dabinon abokin gaba kananzir ya mutu. A 1937 aka ƙulla tsagaita wuta ta shekara uku, shugabanni sama da 1,000 suka sa hannu. Turawa suna jingina ta ga jami'insu Harold Ingrams, amma wanda ya yi ta zirga-zirga, ya zuba dukiyarsa, ya sa darajar gidansa, shi ne Sayyid Abubakar al-Kaf na Tarim, wanda arzikin gidansu daga Singafo yake. An yi amfani da ƙarfi? An yi. Jirage sun jefa bam a kan ƙabilar Bin Yamani bayan gargaɗi. Amfanin bam ɗin shi ne ya nuna wa mai son ajiye bindiga cewa idan ya ajiye, akwai mai hukunta maƙwabcin da ya ƙi. Ba don sulhun na nan a shirye ba, da bam ɗin ya zama sabuwar gaba kawai.

Saboda haka ban ce ƙarfi ba shi da gurbi ba. Na ce shi kaɗai bai taɓa isa ba, kuma ko Abdul'aziz ɗin da ake kafa hujja da shi bai taɓa dogara da shi kaɗai ba.

"Wannan ai sayen ɓarawo ne"

Wani zai ce ba wa tsohon mahari albashi da ba shi cin hanci duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Idan ka biya mutum don kada ya kawo maka hari, bindigar tana hannunsa, shi ke yanka farashi, kuma baɗi zai ƙara. Irin kuɗin da Turkawa ke biya ke nan, mun kuwa ga abin da ya faru shekarar da ba a biya ba. Idan ka ɗauke shi aiki, bindigar taka ce. Kana iya tura shi wani sansani nesa da danginsa, kana iya cin tararsa, kana iya korarsa ya koma gida da kunya.

Shehunan Jodan ma an ba su ɗan kaso, ban musa ba. Amma kason na tafiya da sharaɗi, kuma hukuma ba ta tsaya a kansu ba. Ta tsallaka ta kai hannu ga saurayin da ke ƙasa.

"To a bar wa shugabannin ƙabilu"

Wannan ra'ayi yana da farin jini a wurin masu son sarauta, kuma Iraƙi ce amsarsa.

A can Turawan Ingila sun zaɓi hanya mai arha. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka kafa dokar da ta ware ƙabilu daga kotunan ƙasa, suka ɗaukaka shehunan da suka ga dama, suka ce kowa ya riƙe mutanensa. Sarki Faisal na Ɗaya, gab da rasuwarsa a 1933, ya rubuta cewa bindigogin da ke hannun jama'a sun haura 100,000, na gwamnati kuwa 15,000 ne. Maimakon a jawo talakan ƙabila, sai dokokin filaye na 1932 da 1933 suka ba shehi damar rubuta ƙasar ƙabila gaba ɗaya da sunansa, suka kuma ɗaure manomi da bashi yadda ba zai iya barin gonar ba. Shehin da a da shugaba ne a cikin 'yan'uwa ya koma mai gida, 'yan'uwan suka koma barori.

Sai 'yan siyasar Bagadaza suka gano cewa ƙabilu makami ne. A 1935 'yan adawa suka zuga ƙabilun tsakiyar kogin Furat, gwamnati biyu suka faɗi a jere cikin 'yan makonni, Yasin al-Hashimi ya hau. Da wasu ƙabilun suka tashi a kansa shi ma, sai ya tura Janar Bakar Sidƙi ya murƙushe su da jirage. A watan Oktoban 1936 Bakar Sidƙin nan ya juyo ya kifar da wanda ya aike shi. Daga nan soja ya ɗanɗana siyasa a Iraƙi.

Yawancin waɗannan ƙabilun manoman bakin kogi ne, ba makiyayan tsakiyar hamada ba, amma dabarar mulkin ɗaya ce. Zuwa 1958 kusan kashi 1 cikin 100 na masu filaye ne ke riƙe da fiye da rabin ƙasar noma, 'ya'yan ƙabilu kuwa sun cika bukkokin kara a gefen Bagadaza. Ranar 14 ga Yuli da aka kashe gidan sarauta, shehunan da aka yi shekara arba'in ana kiwo ba su fito da runduna sun kare shi ba.

Kada kuma wani ya ɗauki labarin Jodan ya ce a kwafa a dazukanmu yadda yake. Mutanen ƙasar gaba ɗaya a lokacin ba su kai rabin miliyan ba. Raƙumi ake kora, ba mutum ake sacewa a nemi fansa ba. Hamada fili ce, rijiyoyinta ƙidayayyu. Abin da na ce kawai, mai kafa hujja da Larabawa ya kawo labarin cikakke.

"Kana yabon ɗan mulkin mallaka"

Wannan suka ce mai nauyi, kuma ba ni da niyyar wanke Glubb. Ba don ƙaunar Huwaiɗat Ingila ta biya kuɗin 'yan sintiri ba. Tana son iyaka ta yi shiru, tana son bututun man da ya taso daga Kirkuk zuwa Haifa ya ratsa hamadar lafiya. Glubb ya karɓi jagorancin rundunar Jodan baki ɗaya a 1939, kuma a 1941 ya kwashi waɗannan Badawiyyai ya kai su Iraƙi suka taya Ingila kifar da gwamnatin Rashid Ali. Larabawa ne suka yaƙi Larabawa don amfanin Landan. A yaƙin 1948 da Isra'ila rundunar ta riƙe tsohon birnin Ƙudus, amma faɗuwar Lidda da Ramla ta bar masa tabon da bai goge ba. Ranar 1 ga Maris 1956 Sarki Husaini, yana ɗan shekara ashirin, ya sallame shi, jama'a suka fita titi suna murna. Ina ganin sun yi daidai.

Sai dai mugun nufin mai aiki ba ya mayar da abin da ya yi aiki ƙarya. Hujja kuwa ita ce Husaini ya kori mutumin amma ya riƙe tsarin da hannu bibbiyu.

Nan ne kuma ainihin tsadar abin take, wadda ta fi sukar mulkin mallaka damuna. Glubb ya fi yarda da Badawi a kan ɗan birni mai ilimi, domin yana ganin Badawi ba ya siyasa. Ashe siyasa ce babba ake ginawa. Rundunar da aka kafa don tsaron raƙuma ta zama garkuwar gadon sarauta. A watan Afrilun 1957, da rikici ya ɓarke tsakanin sarki da gwamnatin Sulaiman Nabulsi wadda jama'a suka zaɓa, sojojin Badawiyyai ne suka tsaya wa Husaini a barikin Zarƙa. Bayan haka aka kafa dokar soja, aka haramta jam'iyyu, haramcin da bai ɗagu ba sai 1992. A Satumban 1970 wannan rundunar ce ta fafata da mayaƙan Falasɗinawa a titunan Amman, dubbai suka mutu. Ƙasar ta rabu gida biyu a zukatan mutane: 'ya'yan ƙabila su ne soja da ma'aikatan gwamnati, Falasɗinawa su ne kasuwa.

An soke dokokin ƙabila a 1976, amma al'adar ta ƙi tafiya. Har yau idan an yi kisa a Jodan, manya kan ɗunguma gidan mamaci a nemi tsagaitawa, kuma akan tashi dangin wanda ya yi kisan daga garinsu, abin da gwamnati ta daɗe tana ƙoƙarin taƙaitawa.

Bashin kuma ba a gama biyansa sau ɗaya. Jikokin 'yan sintirin 1931 sun tashi sun tarar albashin gwamnati shi ne garkensu. A watan Afrilun 1989 da baitulmali ya bushe, aka ƙara kuɗin mai bisa sharaɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ba a sansanonin Falasɗinawa bore ya fara ba. A Ma'an ya fara, a kudu, ƙasar da ake ɗauka ita ce mafi biyayya ga sarki, ya bazu zuwa Ɗafila da Karak. Firayim Minista Zaid Rifa'i ya sauka, kuma a watan Nuwamba aka yi babban zaɓen majalisa, na farko tun 1967.